Ranar da Masoyiyata Ta Durƙusa Ta Kira Ni Baba

Shekarun baya, lokacin ina karatun jestiyon a Parakou, wato ilimin tafiyar da ma'aikata da kamfani, akwai wani darasi da kowa a ajinmu yake gudu in ban da ni. Darasin tarihi ne: yadda aka fara tunanin sarrafa mutane a wurin aiki, da abin da aka aro daga masana halayyar jama'a. Abokan karatuna lissafin riba suke so. Ni kuwa labari nake so, ko wane iri ne, don tun ina ƙarami na lalace da ƙananan littattafan soyayya da 'yan Najeriya suke shimfiɗawa a ƙasa ranar kasuwar garinmu Malanville. Na karanta su har bangonsu ya ɓalle. A kaina, namijin kirki shi ne wanda yake yin shiru, yana shan wahala a ɓoye, har wata rana ƙaddara ta haɗa idonsa da na wadda yake so, iska kuma ta ɗan ɗaga gefen gyalenta.

Malaminmu dattijo ne mai son abin da yake koyarwa. Ya fara mana da Baturen da yake tsayawa da agogo a kan masu shebur, yana auna kowace sunkuyawa. Ya wuce zuwa waɗanda suka ce maganin komai shi ne ofis mai doka, kowa ya san wanda yake sama da shi. Daga nan sai ya zo kan labarin da ya shiga raina. A wata masana'anta a Amurka, masu bincike sun ƙara hasken fitila don su ga ko aiki zai ƙaru, sai ya ƙaru. Suka rage hasken, aiki bai fasa ƙaruwa ba. A ƙarshe aka ce ba fitilar ba ce, ma'aikatan ne suka san an damu da su, ana kallonsu. Malam ya ƙara da cewa masana na baya sun yi ta gardama a kan wannan magana, amma ni ban saurari wannan ɓangaren ba. Na riga na lumshe ido. A raina na ce, wannan ai labarin soyayya ne, Turawan ne dai ba su gane ba.

Da hutu ya zo, malam ya ba mu aiki. Kowa ya nemi wurin da mutane suke sana'a a garinsu, ya zauna, ya kalla, ya rubuto abin da ya gani. Ya ja mana kunne ƙwarai: "Kada ku sa baki. Kada ku nuna kun fi damuwa da wani. Ku zama kamar bango."

Ban yi dogon tunani ba. Na zaɓi rumfar masu gumin shinkafa da ke bayan unguwarmu, a kan hanyar zuwa kogi, inda mata suke jiƙa shanshera, su turara ta a manyan tukwane, su shanya, kafin a kai inji. In da malam ya tambaye ni dalili, da na ce masa sana'a ce mai matakai. Dalilin gaskiya kuwa yana can gefen rumfar, riƙe da manjagara, yana baza shinkafa a kan tamfol. Bari in kira ta mutuniyar. Ta gama koyon ɗinki, amma in shinkafa ta yi yawa takan zo ta taya goggonta. Na daɗe ina sonta. Na yi mata waƙoƙi a zuci, na raɗa wa 'ya'yanmu suna, na zaɓi kalar labulen ɗakinmu. Abu ɗaya ne kawai ban yi ba: ban taɓa ce mata komai ba in ban da "ina kwana".

Goggon nan ita ce shugabar rumfar. Mijinta ya rasu da daɗewa, ta riƙe kanta da sana'arta. Mace ce mai jiki, mai dariyar da ake ji daga bakin titi, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Na je neman izini da rigata mai guga da agogona a hannu. Don in nuna cewa aikin ilimi ne ya kawo ni, sai ban kira ta Goggo ba kamar sauran samarin unguwa. Na ce, "Madam, ina neman alfarma in riƙa zama a nan ina kallo."

Ta goge hannu a zane ta dube ni sama da ƙasa. "Kallo? Ba aiki kake nema ba?"

"A'a, Madam."

"Ba shinkafa za ka saya ba?"

"Kallo kawai."

Matan suka dubi juna. Wata ta faɗi wani abu da Dandanci, yaren yankinmu, ƙasa-ƙasa, suka kwashe da dariya. Goggo ta ce a fito mini da benci. Ta ce, "Tunda aka haife ni ba a taɓa ce mini Madam ba. Zauna, ka kalla har ka ƙoshi."

To a nan aka fara samun matsala. Ba na iya kallon mutuniyar. In idona ya nufi wajen tamfol sai ƙirjina ya hau bugawa kamar injin casa, ga kuma muryar malam a kunnena, kada a nuna fifiko. Saboda haka duk lokacin da idona ya so ya gudu wurinta, sai in fizgo shi in kai shi wuri mafi nisa da ita, wato gindin babbar tukunya. Wa yake tsaye a gindin babbar tukunya? Goggo. Na kuma lallashi kaina da cewa a ilimi ma shugaba ake fara lura da shi. Haka na riƙa zama tun hantsi har azahar, na kafa wa baiwar Allah ido, ina duba agogo, ina ajiyar zuciya. Ajiyar zuciyar ta wata ce, amma babu wanda ya rubuta wannan a goshina.

Ba a jima ba na fara ganin sakamako. Goggo ta zo aiki da sabuwar atamfa. Washegari ga kwalli, ga lalle har idon sawu. Ƙamshin turarenta ya riƙa kokawa da hayaƙin itace. Kwandon da a da sai an kama mata, yanzu ita kaɗai take cira tana waƙa. Sauran matan ma suka ƙara himma, don babu mai son ta ɗauke ido ta rasa labarin da za ta kai gida, gara ta gama nata da wuri ta tsaya kallo. Aiki ya riƙa gudu kamar an sa masa mai. Murna ta kama ni. Na ce lalle Turawan nan sun yi gaskiya, ga shi abin ya ci har a Malanville, ba tare da fitila ko ɗaya ba.

Ina da wani aboki ɗan kabu-kabu. Wata rana ya tsaya a ƙofar gidanmu ya ce, "Kai, mi kake yi a rumfar can? Duk matar da na ɗauka zancenka take."

Na gyara wuyan riga na ce, "Haka bincike yake. Jama'a sai sun yi magana."

Ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai ya tada babur ɗinsa ya ce, "Allah ya sanya alheri." Na amsa da amin, har da ɗaga masa hannu.

Wata rana da yamma ina ɗaki sai na ji sallama a tsakar gida. Muryarta ce. Na san ta ko cikin hayaniyar kasuwa. Na ce yau ranar ta zo, wannan shi ne babin da marubuci yake cewa sai ga ta kamar wata ɗan daren sha huɗu. Na canza riga har sau biyu, na fito ina tafiya a hankali. Tana tsaye da kwano a lulluɓe. Da ta gan ni sai ta ajiye kwanon, ta zube gwiwa biyu a ƙasa, ta sunkuyar da kai.

"Ina wuni, Baba. Goggo ta ce a kawo maka."

Na waiga bayana ko mahaifina ne ya fito. Babu kowa sai tulu.

Na ce, "Baba kuma?"

Ta ce, "To mi zan ce? Wanda zai auri goggona ai ubana ne." Ba ta yi murmushi ba, ba ta ɗago ba. Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta fice.

Duk littattafan da na karanta, babu ko ɗaya da ya shirya ni wa wannan. A cikinsu akan raba masoya da dukiya, ko da tafiya, ko da sharrin maƙiya. Ban taɓa ganin inda jarumi ya wayi gari ya zama baban jaruma ba.

Mahaifiyata ta fito daga madafa, ta buɗe kwanon. Tuwon shinkafa ne da miyar kifi, man yana ta ƙyalli. Ta zauna ta wanke hannu. Ta ce, "Ni ba zan hana ka ba. Mace ce mai sana'a, mai mutunci. Abu ɗaya ne ya dame ni. Ranar bikina tana cikin ƙawayen da suka rako ni gidan nan. In ta shigo a matsayin suruka, wa zai durƙusa wa wani?"

Na zauna na yi mata bayani tun daga farko. Na kawo Bature mai agogo, na kawo masana'anta, na kawo fitila. Tana ci tana saurare. Da na gama ta ce, "Su Turawan, da suka gama kallon matan mutane, sun aure su?"

"A'a, Inna, ai bincike ne."

"To a can ke nan. A nan, in namiji ya ɗauki benci ya zauna gaban mace kullum, ba ya saye ba ya sayarwa, kowa ya san sunan abin." Ta suɗe yatsa. "Hannunta da daɗi dai. Ba za ka rame ba."

Sai da na kusa kuka sannan na gaya mata wadda nake so. A nan ta daina wasa. Ta ce 'yan'uwan Goggo maza da ke ƙauyen Garou sun ji labari, kuma in sun shigo cin kasuwa za su biyo su ji daga bakin mahaifina. Cikinsu har da uban mutuniyar. In har manya suka zauna a kan maganar sannan na ce ba haka ba, to na kunyata ƙanwarsu a gaban gari, kuma babu wanda zai ɗauki ɗiyarsa ya ba wanda ya yi wa ƙanwarsa haka. Ta ce, "Ka buɗe baki kafin kasuwa ta ci. In ba haka ba, ko dai ka auri babbar, ko ka rasa duka biyun."

Mai hankali da ya ji wannan, gidan Goggo zai nufa a take. Ni kuwa sai na yi abin da jarumai suke yi: na tafi bakin gada na tsaya ina kallon ruwa, ina tsara jawabi. Na sa taurari a ciki, na sa kogi, na sa tsuntsu mai karyayyen fiffike. Ina cikin gyara jimlar ƙarshe wani jandarma ya matso ya tambaye ni ko Gaya, garin da ke ƙetaren kogin, zan tsallaka. Na ce a'a, tunani nake. Ya ce in je in yi tunanin a gidanmu.

Na ci gaba da zuwa benci, don in na ɗauke ƙafa ma wata magana ce. Na daina kallon kowa, na dinga kallon ƙasa. Matan suka ce, "Wayyo, kunya ta kama ango." Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ɗaga ido wajen tamfol. Mutuniyar tana ganin haka ta ajiye manjagara ta durƙusa daga nesa.

Ana jajiberin kasuwa sai ga Alhaji. Ɗan kasuwa ne daga wajen Kamba, ya daɗe yana sayen shinkafa a hannun Goggo. Kowa a rumfar ya san shi da abu biyu. Na ɗaya, yakan tsaya ciniki mai tsawo a kan farashin da aka riga aka daidaita, don dai kada ya tafi. Na biyu, rayuwarsa duka ya yi ta yana magana a gefen manyan motoci a bakin duwan, wato kwastan na kan iyaka, har kunnensa ɗaya ya yi nauyi, muryarsa kuma ta manta yadda ake ƙasa da ita. Labarina ya riga shi tsallaka iyaka ya tarye shi a hanya.

Bai yi ciniki ba ranar. Bai ko dubi buhu ba. Ya tattara babbar rigarsa ya zo ya zauna a ɗaya gefen bencina, har gefena ya ɗan ɗaga sama. Ya harɗe hannu, ya kafa wa Goggo ido. Muka zama mu biyu.

Jama'a, ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Tukunya tana sauka wata tana hawa. Tulin shansherar da aka ce sai an kwana biyu a kansa, kafin la'asar an ga ƙasa. Goggo ta shiga bayan buhuna ta fito da wani ɗankwalin daban. Ni kuwa ina zaune ina jin numfashin Alhaji, ina tuna yadda ake gamawa da abokin takara a littafi. Yawanci a asibiti ne.

Can ya karkato ya yi abin da shi a ganinsa raɗa ce. "Yaro, ɗan lakwal ne kai, ɗan boko?"

"E, Alhaji."

"Kana da gida?"

"Ina da ɗaki a gidan babana."

"Sana'a fa?"

"Sai na gama karatu."

"To da mi za ka riƙe mace kamar wagga? Da biro?"

Kowa a rumfar yana aiki da hannu, kunne yana wurinmu. Na ga in ban yi magana yanzu ba, gobe manya za su zauna. Na nemi jawabina na bakin gada, na tarar tsuntsun da taurarin duk sun watse. Na matsa kusa da kunnensa na ce a hankali, "Alhaji, ba ita ba ce. Ɗiyar wanta ce, waccan mai shanya."

Ashe kunnen mai nauyin na samu. Ya ce, "Wa?"

Na zagaya da baki na sake faɗa. Sai ya zabura ya miƙe tsaye. Bencin da nauyinsa ya danne ya tashi da ni, na kife a cikin toka, takalmina ɗaya ya yi nasa wuri. Ina ƙasa na ji ya ɗaga murya, wannan karon da gangan: "Alhamdu lillahi! Jama'a, ashe ba babbar yake so ba! Ƙaramar yake so, mai manjagara!"

Haka aka bayyana soyayyar da na yi shekaru ina renonta. Babu wata, babu kogi, babu iska mai ɗaga gyale. Sai hayaƙi, da toka a bakina, da wani Alhaji yana shela kamar an ga watan salla. Mutuniyar ta yar da manjagara ta ruga bayan buhuna.

Goggo ta tako a hankali, muciya a hannunta. Ta tsaya a kaina. "Tashi. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Madam."

"Kada ka ƙara ce mini Madam."

"To, Goggo. Ki yi haƙuri."

Ta daɗe tana dubana. Na zaci muciyar za ta sauka. Sai ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "Kana tsammani ban san na kusa haihuwarka ba? Na sani. Amma an daɗe ba a zauna an kalle ni ba. Sai na ce bari in sa atamfata, kafin asu ya cinye ta a akwati." Wannan maganar ta fi mini muciya zafi, kuma har yau ban manta da ita ba.

Daga nan ta juya kan Alhaji, muryarta ta dawo daidai. "Kai kuma mi ya kawo ka benci? A benci ake sayar da shinkafa?"

Ranar aka fara jin Alhaji yana magana ƙasa-ƙasa. Ya murza hula, ya dubi ƙafarsa. "Na ce... in an yarda... in turo manya."

"Shekara da shekaru kana cika mini kunne da ciniki, sai da ka ji yaro ya zauna?"

Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. 'Yan'uwan Goggo da suka zo washegari sun sami maganar aure kamar yadda aka gaya musu, ango ne kawai aka canza.

Ina neman takalmina a bayan rumfa sai ga mutuniyar ta fito. Ta tsaya, ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Kai wane irin mutum ne? Kowa ka kalla a rumfar nan. Har akuyar da take satar dusa ka kalla. Ban da ni."

Na ce, "Malaminmu ne ya ce kada a nuna fifiko."

Ta ce, "To ka je ka auri malamin." Ta wuce fuu. Amma na lura da abu ɗaya: ba ta durƙusa ba. A duk rayuwata ban taɓa jin daɗin rashin ladabi kamar ranar ba.

Goggo ba ta bar ni haka ba. Ta ce tunda na ƙoshi da kallo, kuma na ci tuwonta, sauran hutuna a bakin tamfol zan yi shi. Aka ba ni manjagara, aka tsayar da ni kusa da mutuniyar. Ita kuma Goggo ta ɗauki bencin nan ta zauna, ta harɗe ƙafa, ta ce, "Bari mu gani ko kai ma kana ƙara ƙoƙari in ana kallonka." Na ƙara kuwa. Hannuna ya yi kanta, bayana ya ƙage, amma ban taɓa baza shinkafa a karkace ba.

Da na koma Parakou na rubuta komai, ban ɓoye ba. Malam ya karanta, ya cire tabarau ya share hawayen dariya. Ya ce na karya duk dokar da ya ba ni, da ƙyar ya bar ni na tsallake. Ya ce, "An aike ka ka zama bango, ka je ka zama fitilar."

Yanzu ina kula da wani sito a kusa da kasuwa, akwai mutane a ƙarƙashina. Yawancin abin da na haddace don jarrabawa ya bi ruwa, amma wannan darasin ya zauna. Babu bango mai ido. In ka tsaya a kan mutane kana kallo, sai sun fassara kallon, kuma da al'adarsu za su fassara shi, ba da littafinka ba. Wanda ka kalla zai ɗauka wani abu ne, wanda ka ƙi kalla shi ma zai ɗauka wani abu ne. Shi ya sa in na shiga sito nakan gaishe da kowa, in faɗi abin da ya kawo ni da bakina, tun kafin a gina mini labari.

Goggo tana Kamba, Alhaji har yau in ya gan ni a kasuwa sai ya ƙwala mini kira daga nesa, "Abokin benci!" Mutuniyar kuwa, labulen ɗakinmu ba kalar da na zaɓa ba ne, ita ta ɗinka abinta. Yaranmu suna kirana Baba, ina amsawa da daɗi. Amma wani lokaci, in na dawo gida na dulmuya cikin waya ko wani tsohon littafi, sai in ji an ajiye kwano a gabana a hankali, an zube gwiwa biyu a ƙasa.

"Ina wuni, Baba."

Ba na tambayar laifina. Nakan kife abin da ke hannuna, in gyara zama, in kalle ta.